Haddin Girman Fayil: Darasi Ga Akawuna, Ma'aji Da Masu Kamfanoni

Babu ofis ko banki ko kamfani a ƙasar nan da ba shi da takardun da tilas ya aika wa wani. A da masinja ne ke ɗaukarsu cikin jaka, ko kuwa a kai gidan waya a auna, a manna kan sarki. Yau galibinsu kwamfuta ce ke miƙa wa 'yar'uwarta. Jerin albashin ma'aikata yakan tashi daga ofishin ma'aji zuwa banki, lissafin kaya daga reshen Aba ko Fatakwal zuwa babban ofis a Legas, zanen gini daga hannun mai zane zuwa ɗan kwangila. Kowane dunƙule na rubutu ko hoto ko lissafi da kwamfuta ta ajiye da suna guda, shi ake kira fayil.

To, kamar yadda gidan waya ke da iyakar nauyin ƙunshin da zai karɓa, haka kowace hanyar aika fayil ke da haddin girman da za ta ɗauka. Wanda bai san wannan haddi ba, yana iya ganin ya aika, alhali kuwa kayan ba su isa ba, ko sun isa da giɓi. Albashi yakan makara saboda haka, takardar neman kwangila takan rasa ranar rufewa, lissafin shekara yakan fito da ƙarya ba da nufin kowa ba. Wannan darasi zai bayyana yadda ake auna fayil, da inda haddin yake, da abin da ya kamata a yi kafin a aika da bayan an aika.

AWON FAYIL

Mudun awon fayil shi ne bayit. Bayit ɗaya yana ɗauke da ƙananan alamu 8 da ake kira bit. Harafin boko guda, kamar a ko b, bayit ɗaya yake ci. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, watau ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit 2 yake ci a tsarin rubutun da aka fi amfani da shi a intanet. Daga nan awon ke hawa kamar haka:

Bayit 1,000 su ne kilobayit 1.
Kilobayit 1,000 su ne megabayit 1.
Megabayit 1,000 su ne gigabayit 1.
Gigabayit 1,000 su ne terabayit 1.

Shafi ɗaya na rubutu zalla bai cika wuce kilobayit 3 ba. Hoto guda na wayar hannu yakan kai megabayit 2 zuwa 5. Ashe ke nan hoton takarda ya fi rubutun da ke cikinta nauyi ninkin ba ninki, shi ya sa ofishin da ke ɗaukar hoton kowace takarda ya fi kowa cin karo da haddi.

Akwai wani abin lura. Waɗansu manhajojin da 1,024 suke lissafi maimakon 1,000. Saboda haka faifan ajiyar da aka rubuta gigabayit 500 a kwalinsa, in an sa shi a kwamfuta mai Windows sai ta nuna kimanin 465. Ba cuta aka yi ba, mudun ne ya bambanta. Amma wanda fayilinsa ke gab da haddi, wannan ɗan bambanci ya isa ya sa a mayar masa da kayansa.

DALILIN SA HADDI

Haddi iri biyu ne. Na farko shi ne wanda mutane suka sa da gangan. Mai kula da kwamfutocin ofis yakan ƙayyade girman abin da za a shigo da shi, don kada mutum ɗaya ya cika rumbun ajiya, ko ya toshe layin sadarwa sauran ma'aikata su zauna jira, ko wani mugu ya turo tarin shara ya durƙusar da aikin. Irin wannan haddi ana iya ɗaga shi in an nemi mai iko da shi.

Na biyu shi ne wanda ke cikin ginin manhajar tun asali. Ka ɗauki misalin fom ɗin da aka yi wa gurabe 4 na rubuta lamba. Kome ƙoƙarin akawu, ba zai rubuta abin da ya wuce 9,999 a ciki ba. Haka kwamfuta take. In masu ƙira sun keɓe bit 16 don ƙirga abu, ƙirgen ba zai wuce 65,536 ba. In bit 32 suka keɓe, iyakarsa 4,294,967,296, watau gigabayit 4 a mudun 1,024. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi biyu, domin zai sake haɗuwa da su a gaba. Irin wannan haddi babu manajan da zai ɗaga shi da umurni, sai dai a sake manhaja ko a sake nau'in fayil.

ƘOFOFIN DA FAYIL KE BI

A zamanin ayari, raƙumin da zai shiga birni da kaya, mafi ƙuncin ƙofa a kan hanyarsa ita ce ke faɗin yawan abin da za a labta masa. Fayil ma ƙofofi yake bi, kuma mai aikawa sau da yawa ta farko kaɗai yake gani. Ga biyar daga cikinsu.

Ta farko, imel. An tsara ƙa'idar aika imel a 1982 domin ɗaukar rubutu kawai. Sai a 1992 aka fito da ƙa'idar liƙa masa fayil, ta hanyar mayar da kowane bayit 3 zuwa haruffa 4. Saboda haka duk abin da aka liƙa wa imel yakan kumbura da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Fayil mai megabayit 15 yakan zama megabayit 20 da 'yan kai a kan hanya. Gmail na ba mai aikawa na gama-gari megabayit 25 a saƙo guda. Ofishin da ke amfani da Exchange Online na kamfanin Microsoft kuwa, mai kula da shi na iya sa haddi daga megabayit 1 zuwa 150. Sa'an nan mai karɓa shi ma yana da nasa haddin. In naka 25 ne, nasa 10, to, 10 ce ke aiki. Saƙon da ya wuce yakan dawo da bayani cikin Turanci, sau da yawa ɗauke da lamba 552. Ma'aikata da yawa ba su karanta wannan bayani, sai su zauna suna jiran amsar wasiƙar da ba ta taɓa isa ba.

Ta biyu, shafin ɗora fayil, irin na banki ko na ofishin haraji ko na masu ba da kwangila. Bayan kowane shafi akwai babbar kwamfuta mai karɓa, ita ma da nata ma'auni. Manhajar nginx, wadda shafuka masu ɗimbin yawa ke aiki da ita, megabayit 1 kawai take karɓa in ba a taɓa saitinta ba. PHP megabayit 2, IIS na Microsoft kuwa bayit miliyan 30. In fayil ya wuce, akan ga lamba 413. Manyan rumbunan ajiya na intanet ma suna da nasu. A rumbun S3 na kamfanin Amazon ba a ɗora fiye da gigabayit 5 a tashi ɗaya, abin da ya fi haka sai an rarraba shi kashi kashi.

Ta uku, filashi da katin ajiya. Da yawa cikinsu an tsara su da tsarin FAT32, wanda ya fito a 1996. A wannan tsari fayil guda ba ya kai gigabayit 4 cif, saura bayit ɗaya yake tsayawa. Shi ya sa za ka ga filashi mai gigabayit 32, babu kome a ciki, amma ya ƙi karɓar fayil mai gigabayit 5. Maganin shi ne a sake tsara filashin da exFAT, wanda ya fito a 2006, ko da NTFS. Amma a kwashe abin da ke ciki tukuna, domin sake tsari yana share kome.

Ta huɗu, manhajar da za ta buɗe fayil bayan ya isa. Tsohon nau'in jadawalin Excel, mai suna XLS, layi 65,536 kaɗai yake ɗauka a shafi. Sabon nau'in, XLSX, wanda ya zo a 2007, yana ɗaukar 1,048,576. Tsohon nau'in ZIP na matse fayil, wanda Phil Katz ya fito da shi a Amurka a 1989, yana tsayawa a gigabayit 4, sai daga baya aka ƙara masa ZIP64 don kauce wa wannan.

Ta biyar, lokaci. Saurin layin intanet da megabit ake auna shi, megabit 8 kuwa su ne megabayit 1. Fayil mai gigabayit 10 megabit 80,000 ke nan. A layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa zai ci daƙiƙa 8,000, watau awa 2 da minti 13. A layi mai megabit 2 zai ci awa 11 da 'yan mintoci. A layuka da yawa saurin turawa bai kai na saukewa ba. In wuta ta ɗauke ko layi ya yanke a awa ta goma, kuma hanyar da aka bi ba ta iya ci gaba daga inda ta tsaya, an koma farko ke nan.

HADDI MAI MAGANA DA HADDI MAI SHIRU

Haddin da ya mayar maka da kayanka ya faɗa maka dalili, ya yi maka alheri, domin za ka gyara. Abin tsoro shi ne wanda zai karɓi rabin kaya ya zubar da rabi, kowa na zaton aiki ya kammala. Abin da ya faru a Ingila a 2020 ya ishi kowane ofis ishara.

A lokacin annobar korona, ɗakunan gwaje-gwaje na 'yan kasuwa suna aika sakamakon gwaji kullum zuwa hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta wancan lokaci, mai suna Public Health England. Suna aikawa ne cikin fayil na rubutu zalla, wanda ba shi da haddin layi. Hukumar kuwa tana zuba waɗannan sakamako cikin jadawalin Excel kafin ta miƙa su ga kwamfutocin masu bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar. Tsohon nau'in nan na XLS aka yi amfani da shi, mai layi 65,536. Da yake sakamakon mutum ɗaya yana cin layuka da dama, jadawali guda bai ɗaukar fiye da mutum 1,400 ko kusa da haka.

Muddin masu kamuwa ba su da yawa, tsarin yana tafiya lafiya. Da cutar ta yi ƙamari sai fayiloli suka cika, abin da ya yi saura ya riƙa zubewa. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga lissafin ƙasa ba. Su masu cutar sun sami sakamakonsu, amma ba a nemi waɗanda suka yi cuɗanya da su a kan lokaci ba, suka ci gaba da shiga jama'a. Ministan lafiya na lokacin, Matt Hancock, sai da ya tsaya gaban majalisa ranar 5 ga Oktoba ya yi bayani. Gyaran gaggawa da aka yi kuwa shi ne rarraba manyan fayilolin zuwa ƙanana.

A lura da abu biyu. Ba ɓarawo ne ya shiga ba, ba na'ura ce ta ƙone ba, tsarin da ya yi aiki jiya ne kaya suka fi ƙarfinsa yau. Sa'an nan da a ce ana gwada adadin da ya tashi da adadin da ya isa kowace rana, da an gane tun ranar farko. Kamfanin da ke da masu sayen kaya 60,000 bana, baɗi yana iya samun 70,000. In da XLS yake aika jerin bashinsa, mutum 4,000 da ɗoriya za su ɓace daga lissafi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

1. A auna kafin a aika. A duba girman fayil da yawan layukansa, a rubuta a littafin aike, kamar yadda ake rubuta wasiƙa mai rajista.

2. A tambayi mai karɓa. Matambayi ba ya ɓata. A nemi sanin girman da kwamfutarsa ke karɓa, da nau'in fayil, da manhajar da za ta buɗe. Kamfanoni biyu da za su riƙa musayar fayil kullum, ya kamata su sa wannan cikin yarjejeniyarsu a rubuce, tare da sunan ofishin da za a kira in aike ya tsaya.

3. A bar rata. Kada a cika mudu har baki. In haddin imel megabayit 20 ne, kada abin da aka liƙa ya wuce 14. In fayilin wata wata ya kai kashi uku cikin huɗu na haddi, lokacin neman wata hanya ya yi.

4. A rage nauyi. Jadawali da rubutu suna matsuwa ƙwarai da ZIP ko 7-Zip. Hoto da bidiyo kuwa an riga an matse su, ba su raguwa sai kaɗan. Takardar da rubutu ne kawai a cikinta, a ɗauki hotonta baƙi da fari, ba sai da launi ba.

5. A rarraba. Jerin albashi ana iya raba shi reshe reshe, lissafin ciniki wata wata. A sa wa kowane kashi suna mai nuna matsayinsa, alal misali kashi na 2 cikin 5, don mai karɓa ya san abin da yake jira. Manhajar 7-Zip tana iya yanka babban fayil gunduwa gunduwa, amma ba zai haɗu ba sai dukkan gunduwoyin sun isa.

6. A zaɓi hanyar da ta dace da kaya. Imel na wasiƙa ne da ƙananan takardu. Babban fayil da ake aikawa kullum, a bi da shi ta SFTP, wadda ke kulle abin da ke tafiya, kuma manhajojinta da yawa suna ci gaba daga inda layi ya yanke. Tsohuwar FTP, wadda asalinta ke komawa 1971, tana tura kalmar sirri a fili, don haka ba ta dace da kayan kamfani ba. Ana kuma iya ajiye fayil a rumbun intanet na ofis, a aika wa mai karɓa adireshinsa kaɗai. OneDrive da SharePoint suna ɗaukar fayil guda har gigabayit 250.

7. A ƙirga a ɓangarori biyu. Wannan ita ce uwar ƙa'idoji. Mai aikawa ya faɗi yawan layuka da jimlar kuɗin da ke cikin fayil, mai karɓa ya ƙirga nasa bayan ya zuba a kwamfutarsa. In an aika sunan ma'aikata 2,350 aka sami 2,349, a tsaya, kada a biya kowa sai an gano na ƙarshen. Ga fayilin da ba na lissafi ba, akwai hatimin lissafi da ake kira SHA-256. Kwamfuta ce ke fitar da shi daga cikin fayil, haruffa da lambobi 64, kuma ko bayit ɗaya ya canza hatimin zai canza. In na mai aikawa ya yi daidai da na mai karɓa, kaya sun isa cikakku.

8. A karanta gargaɗi. In Excel ta ce ba ta buɗe fayil duka ba, kada a ajiye shi a kan na asali, domin layukan da ba ta ɗauka ba za su salwanta. In imel ya dawo, a kai wa mai kula da kwamfuta ya duba lambar.

HATSARIN HANYAR RATSE

In haddi ya tare ma'aikaci kuma manaja na jira, abin da ya fi sauƙi shi ne ya tura fayil ta imel ɗinsa na gida, ko ta WhatsApp, wadda tun 2022 take ɗaukar fayil har gigabayit 2, ko ta wani shafin kyauta da bai san mai shi ba. Fayil zai isa, amma ya fita daga hannun ofis. Jerin albashi yana ɗauke da sunayen mutane da lambobin asusunsu na banki. In wayar ta ɓace, ko ma'aikacin ya bar aiki, kwafin ya tafi tare da shi.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da su ƙasar waje. In bayanan sun faɗa hannun da bai dace ba ta yadda masu su za su iya cutuwa, tilas a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin awa 72 daga lokacin da aka sani. Saboda haka wajibi ne shugaban ofis ya tanadi hanya mai aminci tun kafin buƙata ta taso, ya kuma koya wa ma'aikata amfani da ita. In tilas sai an ɗauki fayil a filashi, a kulle shi da kalmar sirri, a faɗi kalmar ta wata hanya dabam, kada a rubuta ta a jikin ambulan.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowane ofis ya zauna, ko da sau ɗaya a shekara, ya jera fayilolin da yake aikawa a kai a kai, da girman kowanne bara da bana, da mafi ƙanƙantar ƙofar da yake bi. Aikin yini ɗaya ne, amma yana iya hana asarar da za a shekara ana gyara.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Mene ne bambancin haddin da mutane suka sa da wanda ke cikin ginin manhaja? Wanne ake iya ɗagawa?
2. Haddin imel ɗin mai karɓa megabayit 10 ne. Fayil mai megabayit 9 zai shiga? Kawo dalili.
3. Don me filashi mai gigabayit 32 zai ƙi karɓar fayil mai gigabayit 5?
4. Awa nawa fayil mai gigabayit 3 zai ci a layin da ke tura megabit 4 a daƙiƙa?
5. Wace ƙa'ida ce da an bi ta a Ingila a 2020 da an gane ɓacewar sakamakon tun ranar farko?
6. Wane ne mafi girma cikin fayilolin da ofishinku ke aikawa kowane wata, kuma saura nawa ya kai haddi?